Aiken Maigari a Shekarar Ƙato-Bayan-Ƙato

Da sunan Allah na soma wannan babi, kuma shi ne wanda ya fi yi mini nauyi a cikin duk abin da na rubuta muku. Kun sha tambayata dalilin da ya sa muke zaune a Bodinga alhali kaburburan iyayenmu da gonakin gadonmu suna ƙasar Shagari, ni kuwa kullum sai in kawar da zancen in ce kasuwar albasa ce ta jawo mu. Ba kasuwa ba ce. Na san kuma in kun je can biki ko ta'aziyya akwai tsofaffin da har yanzu suke kiran ku jikokin ɗan adawa, suna dariya, ku ma kuna taya su don ba ku san mafarin ba. Bakina a ɗaure yake ne. Kakanku ya sa na yi alkawarin ba zan buɗe shi ba muddin rawanin garinmu yana kan ɗan mutumin da zan ambata. Bara Allah ya yi wa wannan ɗan rasuwa, don haka yau na sami dama. Sunan ƙauyen ba zan rubuta ba, ku dai kun san shi, yana tsakanin Kajiji da Horo Birni, kuma jikokin mutanen suna raye.

Tun da na yi wayo, jam'iyya ɗaya na sani a ƙasarmu. Takan sauya suna, ta sauya hoto, amma mu ba ruwanmu, inda manya suka fuskanta nan muke fuskanta, muna kiranta ta gida. Duk wata da ba ita ba, ta waje ce. Ba wanda ya taɓa dukan wani a kan haka, domin ba wanda ya taɓa tunanin yin wani abu dabam. Sai ga shekarar da soja suka ce za a zaɓi gwamna, suka kawo jam'iyyu biyu, suka kuma kawo wani sabon salo. Babu akwati, babu dangwala yatsa a ɓoye. Za a kafa hoton kowane ɗan takara, kowa ya je ya tsaya a bayan wanda yake so, a ƙirga mutane da rana tsaka kamar awaki. Shi ne aka sa wa suna ƙato bayan ƙato. Da muka ji a rediyo dariya muka yi, don a garinmu mun san layi ɗaya za a yi.

Kakanku Malam Buhari shi ne ladanin garin tun ban iya ɗaura wando ba, shi ya sa ba a kiransa sai Baba Ladan. Ba shi da dukiya, gonarsa ma ni da ƙanena Umaru muke nomawa, amma yana da murya. Fulanin da ke mashekari can bayan fadama da kiransa suke tashi. A wannan lokacin yanar ido ta rufe masa gani, sai ya zama ni nake riƙe masa sanda in kai shi gindin matakalar masallaci, daga nan shi kaɗai yake hawa, ƙafarsa ta san kowane taki. Wannan riƙon sandar ne ya sa na ji abin da bai kamata in ji ba. Ana saura kwanaki kaɗan zaɓe, da hantsi, Maigari ya aiko a kira shi. Ba a zaure ya gan mu ba, can ɗakin ciki aka shigar da mu, ya sallami bafadensa, ya dube ni kamar zai ce in fita, sai ya fasa.

"Ladan," in ji shi, "wani abu ya hana ni kwana. Masu zuwa gabas hwatauci sun ce ɗan takarar waje ya yi ƙarhi can. In Allah ya ba shi, anka duba anka iske garin ga ko mutum guda bai tsaya bayan hotonai ba, to ko rijiya ba mu ƙara gani, balle taki. Ina son gida guda shi tsaya can. Kuma ba gidan banza ba, gidan da za ni iya cewa, ai har ladanina naku na."

Baba ya murza kan sandarsa. Can ya ce, "Ranka shi daɗe, in kuwa ta gida tac ci hwa?"

"In ta ci, ni da bakina za ni tashi ƙohwar masallaci ran Juma'a in hwaɗa ma jama'a ni na aike ka. Amma kahin nan ko Hajo kak ta ji. In Ɗan-Ige ya ji, sama za ya kai ni, rawanin ga ba shi kwana bisa kaina."

Hajo ita ce kakarku, Inna. Alhaji Ɗan-Ige kuwa shi ne shugaban jam'iyyar gida a garinmu, mai shagon taki da babur ja, wanda kowa ya san ya daɗe yana nema wa wansa sarautar garin. Ni dai ina durƙushe ina roƙon Allah a zuci Baba ya ce zai yi shawara. Bai ce ba.

"Na ji, na karɓa," in ji shi. "Bello, kai ma ka ji. Amana ta."

Muka fito daga fada. A hanya na yi ta magiya, na ce Maigari yana da ƙanne, yana da surukai, me ya sa bai aiki ɗaya daga cikinsu ba sai makaho? Na ce mutanen nan ba su san wasa ba a kan ta gida, ranar da suka gan shi a wancan layin, ranar za su fara neman wani ladan. Sai da muka kai bakin gida Baba ya ce wanda aka aika ba ya zaɓen hanya. Na so in ce masa ai jaki ma yakan toge in ya ga rami, amma ba a yi mini tarbiyyar faɗin haka ba, sai na haɗiye.

Da muka gama cin tuwon rana ya tara gidan, ni da matata Kulu, wato mahaifiyarku, da Umaru, da Inna. Ya ce ranar zaɓe shi layin waje zai tsaya, wanda ya ga zai bi shi ya bi shi. Inna tana tsince wake a faifai, sai ta ajiye faifan a hankali.

"Malam, idon na kaɗai yat tahi, ko har da hankalin? Mi ɗan takarar waje yab ba ka? Ka san ko sunan uwatai?"

"Bai ba ni komi ba."

"To don mi?"

"Haka nig ga dama."

"Ka ga dama!" in ji Inna. "Mutumin da ba shi ganin ƙohwar ɗakinai, yau shi ka ganin dama!"

Kulu ta toshe baki da gyale, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Umaru kuwa, wanda Ɗan-Ige ya ba hula da riga masu hoton ɗan takarar gida, har yana bin motarsu zuwa Shagari taro, tashi ya yi ya ce shi ba za a mai da shi abin nuni a gari ba, ya fice. Inna ta juyo kaina ta kafa mini ido, ta ce tun da muka dawo daga fada na kasa kallonta, me aka ce a can? Na ce maganar gyaran rufin masallaci ce. Ta ce to, Allah ya rufa. Daga ranar ba ta ƙara tambayata ba, sai dai duk sanda ta miƙo mini fura sai ta riƙe ƙwaryar ta ɗan jima kafin ta saki.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Lokacin dashen albasa ne, ina fadama tun safe, amma sai in tsinci kaina na dasa kunya guda a karkace. Abokan aikina suna ta raha, suna cewa hoton ɗan takarar waje zai sha rana shi kaɗai, wani ya ce a ɗaura masa akuya a baya don kada ya ji kunya. Ina taya su dariya, bakina kamar na tauna maɗaci. Addu'ata ma ta rikice. In na roƙi ta gida ta ci, na roƙa wa mahaifina wulaƙanci ke nan har sai Maigari ya yi magana. In na roƙi ta waje ta ci, na roƙi abin da ban taɓa so ba, kuma ban san abin da zai biyo baya ba. Daga ƙarshe sai na koma roƙon Allah ya sa a ɗage zaɓen, ko soja su fasa, tunda sun saba.

Ba su fasa ba. Ranar ta zo, aka taru a filin makarantar firamare, aka duba katin kowa da safe, aka kafe hotuna biyu a jikin itatuwan dogon yaro biyu da ke fuskantar juna. Maigari yana kan kujera a inuwa, Ɗan-Ige yana kai da kawo da babbar riga. Da malamin zaɓe ya ce a yi layi, sai garin gaba ɗaya ya kwarara gefe guda, maza layinsu, mata nasu, har layin maza ya lanƙwasa ya bi bayan azuzuwa. Baba ya ce, "Mu tahi." Na ja sandar. Filin nan ba wani faɗi gare shi ba, amma ban taɓa ƙetare wuri mai nisansa ba. Da farko wani ya ɗaga murya ya ce, "Bello, ka ɓad da Ladan, ga layi nan!" Aka yi dariya. Da suka ga mun tsaya a gaban hoton ba mu juyo ba, sai dariyar ta mutu. Ina jin tarin wani tsoho daga can ƙarshen fili.

Ban zaci Inna za ta zo ba, don da safe ta ce ƙafarta na ciwo. Sai ga ta ta fito daga cikin mata, Kulu na biye da ita da goyon 'yar'uwarku Sa'adatu, ta zo ta tsaya a gefenmu inda layin mata zai kasance, ta gyara lulluɓi. Ba ta dubi Baba ba, amma ta yi magana yadda zai ji.

"Ban san mi kaka yi ba, Malam. Amma ba a cewa mijin Hajo ya tsaya rana shi ɗai."

Malamin zaɓe, wani baƙo ne daga birni, ya zo ya taɓa kafaɗata da ta Baba, ya nuna matan da biro, ya ɗaga murya ya ce huɗu. Na saci kallon Maigari, na ga yana duban ƙasa yana jan carbi. Na hango Umaru a tsakiyar dogon layi, ya ja hularsa ta rufe goshi. Ƙirgan wancan layin ya ɗauki lokaci, mu kuwa doka ta ce kada kowa ya motsa sai an gama, don haka muka yi ta tsayuwa gari na kallonmu har rana ta take. Baba ya ɗaga fuska sama, don da zafin rana a goshinsa yake gane lokaci, ya ce azahar ta yi, in kai shi. Ba mu kai rabin hanya ba sai muka ji murya daga kan matakalar masallaci tana kiran salla. Wani yaron Ɗan-Ige ne, muryarsa siririya, yana sauri kamar ana korar sa. Baba ya tsaya cak. Sai na ji yana amsa kiran a hankali, kalma bayan kalma, yadda kowane mai sauraro yake yi. Ni ban iya amsawa ba.

Sakamako ya fito, ta gida ta ci, kuma ba da ƙyar ba. Duk ƙarfin da aka ce ɗan takarar waje ya yi a gabas, zancen 'yan kasuwa ne. Aka yi kiɗa, aka yanka sa a ƙofar Ɗan-Ige, aka raba nama gida gida aka tsallake namu. Ni duk wannan bai dame ni ba, Juma'a nake jira. Na sa wa Baba farar rigarsa, na zaunar da shi kusa da ƙofa inda kowa zai gan shi. Aka sallame, Maigari ya tashi, ya yi wa jama'a barka da zaɓe, ya yi addu'a ga sabon gwamna, ya sa takalmi ya tafi. Baba ya ce wataƙila yana jiran ƙura ta lafa. Juma'a ta gaba ma haka, ta gaba da ita ma haka. Ba wanda ya zo ya ce an tsige Baba daga ladanci. Kawai dai duk sanda muka isa, sai mu tarar wani ya riga ya hau. Masu gaishe shi suka koma ɗaga hannu daga nesa, ga mutumin da ba ya gani. Umaru ya kwashe kayansa ya koma shagon Ɗan-Ige da kwana. Duk asuba kuwa Baba sai ya tashi a kan lokacinsa, ya yi alwala, ya zauna a bakin gado yana jira wani ya kira.

Da abin ya ishe ni na tafi fada ni kaɗai. Maigari ya rame, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce Ɗan-Ige yanzu da gidan gwamnati yake magana, in ya buɗe baki yau, gobe wan Ɗan-Ige ne a kan wannan buzun, a ƙara haƙuri. Na dawo gida ina huci, na ce wa Baba ni zan tashi ran Juma'a in faɗa, in ya so a kashe ni. Bai ɗaga murya ba.

"Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba, Bello. In ka hwaɗi, ban yahe ma ba."

Wannan kalmar ita ta ɗaure ni shekara da shekaru.

Da damina ta faɗi, ciwo ya kwantar da Maigari, har aka fara kiran dangi. Wata ranar da la'asar sakaliya aka aiko wai yana neman Ladan. Muka tarar da ɗakin cike, liman yana nan, dattawan gari suna nan, babban ɗansa Sambo wanda ake sa ran zai gaje shi yana riƙe da kansa, Ɗan-Ige ma yana tsaye a bakin ƙofa. Na ce a raina, yau Allah ya kawo ranar. Na zaunar da Baba a gefen shimfiɗa. Maigari ya laluba ya kama hannunsa, hawaye na bin gefen fuskarsa, ya tattara ƙarfinsa ya ce:

"Jama'a, ku saurara. Ladan, ka gahwarta man. Ranar zaɓen ga, ni na…"

"Ranka shi daɗe," Baba ya katse shi da wannan muryar tasa da ke kaiwa har bayan fadama, "ba ka yi man komi ba sai alheri. Bar wahal da kanka. Yi kalmar shahada."

Ya fara jan kalmar da ƙarfi, liman ya kama, ɗakin duka ya kama, maganar Maigari ta nutse a ciki. Ina gani leɓɓansa suka bar abin da suka fara suka bi shahadar. Bai ƙara wata magana ba har ya cika washegari. Mutane suka fita suna cewa Maigari mutumin kirki ne, dubi har ɗan adawa ya nemi gafararsa.

A hanyar gida na yi abin da ban taɓa yi ba. Muna tsakiyar turba, gero ya kai gwiwa dama da hagu, na saki sandar na yi gaba abina. Na yi tafiya mai ɗan nisa kafin na waiga. Yana nan tsaye inda na bar shi, bai kira ni ba, bai laluba hanya ba. Na koma ina kuka kamar yaro, na ce masa kalma biyu suka rage, kalma biyu kacal, ya bari a wanke shi a gaban gari, me ya sa?

"Ɗan-Ige na bakin ƙohwa," in ji shi. "Da ya ƙarasa, da ni na samu sunana, Sambo shi rasa rawani, garin ga shi hwaɗa hannun da kas sani. To aiken da anka yi man, na mi na? Kama sandar, magariba ta gabato."

Na kama. An naɗa Sambo bayan arba'in, ya yi sarautarsa lafiya, bai taɓa sanin abin da aka biya a kanta ba. Mu kuwa da aka yi girbi Inna ta ce ba za ta iya ƙara shekara tana kallon mijinta yana sauraron muryar wani ba, gara inda ba a san shi ba. Muka bar wa Umaru gonakin, muka ɗora kaya a amalanke zuwa bakin titi, muka zo Bodinga wurin ɗan'uwanta. Inna ta rasu ba ta san dalili ba, Umaru ma haka. Kakanku ya yafe tun a ɗakin Maigari, ni kuwa ba zan yi muku ƙarya ba, har yau ina kan ƙoƙari. Ya yi shekara shida a nan, kullum ina kai shi masallacin unguwa, ya zauna a sahun gaba ya amsa kira. A Bodinga kowane masallaci da ladaninsa, kuma bai taɓa gaya wa kowa cewa shi ma ya iya ba.